Kujerar da Baba Yake Zama

A shekarun da aka mayar da kotunanmu na yanki suka koma kotunan shari'a, ni magatakarda ne a ɗaya daga cikinsu a ƙasar Daura. Aikina rubutu: wane ya ce, wane ya musa, shaida ya rantse. Hannuna siriri ne marar kanta, irin na wanda bai taɓa riƙe fartanya ta kwana bakwai ba, kuma abokan wasana ba su taɓa bari na manta da haka ba.

Da aka raba gadon mahaifina, na sayar da kasona na gona na sayi jif 'yar Kwatano, ruwan toka. Ta sha hanya a ƙasar sanyi kafin ta iso hannuna, amma injinta lafiya lau. A gabanta akwai abin murɗawa guda biyu na zafi da sanyi, ɗaya na direba, ɗaya na wanda yake gefensa. Dillalin ya nuna mini, na gyaɗa kai kamar na gane, na murɗa su duka zuwa shuɗi, ban sake taɓa su ba. Duk sanda na tayar da ita nakan ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga can cikin dashbod, ta hannun dama, ya yi kamar sau goma ya tsaya. Na ce tsohuwar mota ba ta rasa tari, na rabu da shi.

Esi kuwa, wato abin sanyaya motar, ba na kunna shi a cikin gari. A Daura in ka ga mutum ya rufe gilashi daga gida zuwa masallaci, to ko dai ba shi yake sayen mai ba, ko kuma yana ɓuyar wani. Ni da maiɗakina da yara gilashi a sauke muke yawo, iskar Allah ta ishe mu. Na ajiye sanyin motar ne don babbar rana da babban mutum.

Babban mutumin shi ne surukina, mahaifin maiɗakina. A Dutsi yake, yana noma da damina, da rani kuma yana fataucin dabbobi. In ya tsaya a bakin kara ya dubi sa daga nesa, zai gaya maka shekarunsa da ciwon da yake ɓoyewa tun kafin dillali ya buɗe baki. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malam, bai taɓa kama sunana ba. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu a lokacin, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tun daga wajen zaure nake cire takalmi, in durƙusa a gefen tabarma, mu gaisa idona a ƙasa, in tashi. Da za a ce in siffanta shi a gaban alƙali, ƙafafunsa zan fi iya bayyanawa. In ina da magana, sai in gaya wa maiɗakina, ta gaya wa Innarta, Inna ta gaya masa, amsa ta biyo hanyar da ta je. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Baba ba ya son kotu. Tun kafin in fara aiki an taɓa yin shari'ar iyakar gona da shi, bai ji daɗin yadda ta ƙare ba. Ranar da iyayena suka je neman aure bai hana ba, amma ya ce a gaya wa yaron ya ji tsoron Allah a wurin aikinsa. Nasiha ce irin wadda kowane dattijo zai yi. Ni dai na ɗauke ta na adana, ina ciro ta ina dubawa duk sanda na ga ya yi shiru.

Sai hawan jinin ido ya kama shi. Kafin a ankara idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma ya fara tsukewa daga gefe. Likitan ido a Kano ya yi mana bayani ina tsaye a bayan kujera: wanda ya tafi ya tafi, wannan ɗin ake ceto. Kowane wata sai a zo a yi awo, a karɓi maganin ɗigawa, kada a tsallake ko sau ɗaya. Ya ƙara da cewa a kiyaye idon daga iska mai ƙarfi da ƙura. 'Ya'yan Baba maza duk suna kudu wajen nema, maiɗakina ce babba, ni kuma ga mota. Ba sai an roƙe ni ba.

Ranar farko na buɗe masa ƙofar baya, ya girgiza kai, ya shiga gaba. Daga baya saƙo ya zo ta hannun Inna cewa zaman baya yana sa shi jiri. Yana zama na ɗage gilasai huɗun nan, na kunna esi, na saka kaset ɗin wa'azi a hankali don kada shirun ya yi mana nauyi. Sanyi ya dinga dukan ƙirjina. Na ji daɗi a raina ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Yau ga ɗan kotun nan yana kai surukinsa asibiti cikin sanyi kamar gwamna.

Daga Dutsi mu biyo ta Daura, mu wuce Kazaure da Dambatta, mu shiga Kano da hantsi. Dawowa kuwa da tsakar rana muke yi. Idona yana kan titi, in na gaji da titi in kalli madubin hagu. Dama ba na kallo sai in dole, shi ma in kalli madubin in ɗauke kai da sauri. Wani lokaci nakan ji sanyin motar ya ɗan ragu, sai in ƙara ƙarfin fanka don kada Baba ya ji zafi. A Kazaure muke tsayawa sallar azahar. Na sha ganinsa daga baya, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne da gadon bayansa, ya cire hula yana juye sauran ruwan buta a ka. Na ce jikin tsufa ne, ga kuma fargabar asibiti. Sau huɗu muka yi wannan tafiya, daga ƙarshen sanyi har tsakiyar bazara, kuma duk inda na sauke shi abu ɗaya yake faɗa: Allah ya yi albarka, Malam.

A wata na biyar saƙo ya zo: a gaya wa Malam ya huta, zai bi motar haya. Maiɗakina ta tambayi dalili, Inna ta ce ita ma iyakar abin da ya ce ke nan. Ya bi motar hayar kuwa, ta tsaya lodi a hanya, bai isa ba sai da aka rufe karɓar kati, ya dawo ba awo ba magani. Wata na shida bai ma fita ba. Maganin ɗigawa ya ƙare, aka koma sa masa tozali da wani jiƙo da wani maƙwabci ya kawo.

Ni kuwa na yi fushi, kuma fushin nan na cikin gida ne, wanda ba a iya faɗarsa. Na zauna na haɗa hujjoji kamar yadda na saba gani ana yi. Mutum ba ya son kotu. Ya ga magatakarda da jif. Wataƙila wani ya raɗa masa cewa albashi ba ya sayen irin wannan mota, shi kuma ya ga gara ya makance da ya zauna a kan abin da yake zargi. Na yanke masa hukunci ba shaida, ba rantsuwa, ba a ji ta bakinsa ba. Ni da kullum nake rubuta cewa sai an ji ɓangare biyu. Maiɗakina ta roƙe ni in je da kaina, na ce gonar ubana na sayar, ba zan je in rantse wa kowa ba. Ta yi kwana biyu ba ta cin abincin kirki.

Na je dai daga ƙarshe, ranar wata Asabar, da sunan gaisuwa. Ruwa ya fara sauka a lokacin. Na durƙusa, muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Ina kallon ƙasa na ga hannunsa yana laluben butarsa a kan tabarma, alhali tana nan dab da gwiwarsa ta dama. Na ce ranar awo ta kusa zagayowa. Ya ce Allah ya kai mu, amma kada Malam ya wahalar da kansa. Na tashi na sa takalmina.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Dole na ɗage gilasai, suka yi hazo, na kunna esi don in ga hanya. Wannan ne karo na farko da na kunna shi ni kaɗai. Na taka birki saboda wasu awaki, wayata ta zame daga kujerar gefe ta faɗa ƙasa. Na gangara gefen titi na miƙa hannu in ɗauko ta, sai na ji huci ya daki damtsena kamar na sa hannu a bakin tanderu. Na janye. Na taɓa kafar iskar da ke gabana, sanyi ƙarara. Na taɓa ta gefen dama, wuta.

Na fita cikin ruwan, na zagaya, na buɗe ƙofar dama na zauna a kujerar da Baba yake zama. Motata ce, amma ban taɓa zama a wurin ba. Na ƙara fankar zuwa inda nakan kai ta in mun baro Dambatta. Zafin yana fitowa ta gaba ya daki fuska, yana fitowa ta ƙasa ya daki ƙafa. Na duba agogo na ce bari in ga iya abin da zan jure. Minti goma ban cika ba na buɗe ƙofa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga shi babu kowa a wurin sai ni da awaki.

Da na gaya wa maiɗakina, ta daɗe tana kallona. Ta tambaya sau nawa muka je, na ce huɗu, zuwa da dawowa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ba ka kalle shi ba, shi bai gaya maka ba," ta ce. "Da wanne zan fara jin haushi?"

Washegari na kai motar gareji a bayan tasha. Kafin in gama bayani masu shawara sun taru. Wani ya ce gas ne ya ƙare, a ɗura. Na ce in gas ne, me ya sa ɓangarena yake sanyi? Ya ce to ai rabin gas ɗin ne ya ƙare. Wani ya ce abin da ake yi wa duk 'yar Kwatano shi za a yi: a yanke tiyon da yake kai ruwan zafi cikin mota, a haɗe bakinsa, a huta, wa yake neman hita a Daura? Wanda na zo wurinsa, wani dattijo mai gyaran esi da firiji a gindin darbejiya, ya jira sai da suka gaji. Mutum ne ƙaton gaske, yatsunsa kamar rogo. Ya sa na kashe mota na sake tayarwa, ya kara kunnensa a dashbod. Ƙas-ƙas-ƙas ɗin nan ya yi. Ya tambaye ni tun yaushe take wannan, na ce tun ranar da na saye ta. Ya ce to ai ta daɗe tana kai ƙara, magatakarda ne bai rubuta ba.

Ya zana mini abin a ƙasa da sukudireba. A bayan dashbod akwai akwatin iska, a cikinsa akwai wata 'yar ƙofa ta roba. In ta karkata nan, iska ta bi ta wurin sanyi kawai. In ta karkata can, sai ta ratsa ta wurin da ruwan inji yake ɗumamawa. Mota irin tawa ƙofa biyu gare ta, kowane ɓangare da tasa, kuma kowace ƙofa akwai ɗan ƙaramin inji da yake juya ta in ka murɗa abin nan na gaba. Na ɓangaren dama ya lalace ya bar ƙofarsa a kan zafi. Yanke tiyo zai kashe zafin, bai musa ba, amma ya ce a wannan motar tiyon yana can bayan inji inda hannu ba ya kaiwa da kyau, in haɗin ya kwance a hanyar Kano ruwa ya tsiyaye, inji ne zai ƙone. Ranar awo saura kwana tara. Na ce a canza ɗan injin, ina son in ga mai laifin da idona.

Matsalar ita ce abin ba shi da sunan da za a faɗa a waya a gane. Don haka sai an fara ciro tsohon, a ba direban motar Kano ya kai kasuwar kayan mota a matsayin samfur, a nemo ɗan'uwansa. Dattijon ya cire kan batir. Muka kwashe takardun da ke cikin akwatin gaban kujera, ya matse gefensa ya sauko, ya kwance shi gaba ɗaya. Ya haska tocila cikin ramin ya nuna mini: wani baƙin abu ne mai faɗin tafin hannu, da waya a jikinsa, sukuru uku suna riƙe da shi. Akwai wani kamarsa a sama kaɗan, ya ce wancan na raba iska ne tsakanin fuska da ƙafa, kada in taɓa shi. Ya zare wayar, ya kwance sukuru biyu cikin sauƙi. Na uku yana lungu, bayan wani ƙarfe. Ya gwada ta sama, ya gwada ta ƙasa, hannunsa ya ƙi shiga. Ya fito yana haki, ya dubi hannuna, ya miƙo mini wata 'yar sifana kamar ta gyaran keke.

Na cire babbar riga da hula, na tura kujerar baya, na kwanta rigingine, kaina a inda ake ajiye ƙafa, ƙafafuna a waje. Masu wucewa suka yi ta tambayar ko kotu ce ta koma ƙarƙashin mota. Sukurun ba a ganinsa, sai dai a laluba. In na juya sifanar kaɗan sai ta daki ƙarfe, in cire ta in sake ɗorawa. Dattijon yana tsaye yana gargaɗina kada in bari ya faɗa cikin akwatin iska, don in ya faɗa sai an kwance dashbod duka. Fatar bayan hannuna ta sale a wuri biyu. Da ya kusa fita na ajiye sifanar na ƙarasa da yatsa, na riƙe shi gam.

Ina kwance haka na juya kai don in huta wuya, sai na hango wani abu a ƙarƙashin kujerar. Na jawo shi. Ɗan mafici ne na kaba, irin wanda Inna take saƙawa, an tura shi can ciki. Ban sha wuyar gane yadda aka yi ba. Baba ya ɓoyo shi a cikin riga a ɗaya daga tafiye-tafiyenmu, da ya zauna kuma ya ga ba zai iya yin fifita a motar surukinsa ba, don hakan tamkar faɗa mini ne cewa motata ba ta da kirki. Na daɗe a kwance da maficin a ƙirjina. Dattijon ya leƙo ya tambaya ko sukurun ne ya faɗa. Na ba shi labarin a taƙaice. Ya girgiza kai ya ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma shi ma da surukinsa yana raye ba zai iya faɗa masa irin wannan ba.

Da ɗan injin ya fita, ya sa yatsa ya juya sandar ƙofar da kansa, hagu da dama, don ya tabbata ba ita ce ta cije ba. Ta juya sumul. Muka sa tsohon a leda muka kai tasha.

Bayan kwana uku tsohon ya dawo tare da ɗan'uwansa, shi ma na hannu ne, an ciro shi daga wata motar. Kafin a ɗaura, dattijon ya ɓare tsohon ya nuna mini cikinsa. Wasu 'yan faya-fayen farar roba ne masu haƙora, kuma a jikin babban haƙori uku sun karye. Injin yana juyawa, in ya zo giɓin sai ya yi ta zamewa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da nake ji. Duka haƙoran da suka karye ba su kai ƙwayar shinkafa uku ba.

Ɗaurawa ta fi cirewa buƙatar haƙuri. Bakin sabon yana da wani gefe a shafe, dole sai ya dace da na sandar ƙofar. Dattijon ya ce kada in murɗa injin da ƙarfi don ya dace, haka ake karya haƙoran. Ƙofar zan juya a hankali har ta zo daidai. Na sake kwanciya, na yi ta lalube, can na ji ya shige ya zauna. Na mayar da sukurun lungu da farko, tun hannuna bai gaji ba, shi ya ɗaure sauran biyun, ya mayar da wayar. Ya haɗa kan batir, ya ce in murɗa makulli amma kada in taɓa komai, a bar abin ya je ƙarshen nan ya je ƙarshen can ya gane iyakarsa. Muka yi shiru muna jin wani siririn zuuu a ciki, ya tafi, ya dawo, ya tsaya. Babu ƙas-ƙas. Sannan na tayar da mota, na zauna a kujerar dama, ya murɗa zuwa ja, zafi ya zo, ya murɗa zuwa shuɗi, sanyi ya zo. Na sa shi ya maimaita har sau biyar, sai da ya ce yana da firijin mutane a jiransa.

Maiɗakina ce ta je Dutsi da maficin. Ta ba Inna ta ce an tsince shi a mota, kuma motar ta yi ciwo an gyara ta. Ba ta ƙara komai a kai ba. Da yamma ta dawo da amsa: Malam ya zo bayan asuba.

Da muka kama hanya na ɗage gilasai na kunna esi. Wannan karon na saci kallonsa. Na ga ya ɗaga hannu yana laluben dashbod har ya sami kafar iskar, ya bar tafinsa a wurin na ɗan lokaci, sannan ya mayar kan cinyarsa.

Likita ya yi awo, ya sake yi, ya tambayi me ya hana mu zuwa wata biyu. Baba ya ce hidimar gona. Likitan ya ce abin da aka rasa a watannin nan ba zai dawo ba. Abin da ya rage zai kai shi masallaci ya dawo da shi, zai gane mutum in ya matso kusa, amma tsayawa a bakin kara a hangi dabba daga nesa ya wuce. In an kiyaye magani za a iya riƙe ragowar. Baba ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa na karɓi takardar magani na fita.

Mun baro Dambatta, rana a tsaka, ban saka kaset ba. Sai na ji muryarsa.

"Malam, motar nan ta samu lafiya."

Na ce e, Baba, wani ɗan abu ne aka canza.

"To madalla. Ni dama kai nake tausayi. Likita ya ce a kiyaye iska, ka rufe gilashi saboda idona, kana tuƙi cikin wannan wuta tun daga Dutsi har Kano, ba ka taɓa cewa uffan ba. Na ce wannan bawan Allah ba zan ƙarasa shi a kan ido ɗaya ba."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Da na yi shiru da maganar ta wuce a haka, zai ci gaba da ganina mai haƙuri har ƙarshen ransa, kuma ba wanda zai tona. Na yi tafiyar da ta kai mil guda ina auna wannan, kuma na so in yi shirun. Amma na riga na zarge shi sau ɗaya ba da haƙƙi ba, ban ga yadda zan ƙara da karɓar yabon da ba nawa ba.

"Baba," na ce, "ɓangarenka ne kawai ya lalace. Ni nawa sanyi yake yi tun ranar farko. Ban sani ba, don ban duba ba."

Muka wuce garuruwa biyu, muka shiga Kazaure, na tsaya a masallacin da muka saba. Na zagaya na buɗe masa ƙofa, na miƙa masa butarsa idona a ƙasa. Ya sauko da ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Na ji ya yi 'yar dariya ta cikin hanci.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe mutum ɗaya ne ya sha wutar."

Ya miƙo hannu yana neman inda zai dafa, ya sami kafaɗata. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa taɓa ni ba. Haka muka tafi har wurin alwala, yana dafe da ni, ina gaya masa inda dakali yake.